Bindigar gado: sake mata rini da goge ƙota yana ƙara mata daraja ko yana zubarwa?

Mutum ya gaji tsohuwar bindiga daga mahaifinsa ko kakansa. Ƙarfenta ya dushe, wasu wurare sun koma ruwan ƙasa, ƙotar kuma ta yi baƙi saboda gumin hannu da mai. In ya kai ta aka kankare, aka sake rina ƙarfen, aka bi katakon da samfefa aka shafa masa banish, kuɗinta ya ƙaru ne ko ya ragu?

Mafi yawan mutane za su ce ya ƙaru, kuma ba a ga laifinsu ba, tunda haka abin yake a mota da gida. Bidiyoyin da suka cika YouTube da TikTok, inda ake ɗauko ruɓaɓɓen ƙarfe a mayar da shi sabo fil cikin minti goma, sun ƙara dasa wannan tunani. Amma a wajen masu tara tsofaffin makamai lissafin a juye yake. Abin da suke biya shi ne fatar da bindigar ta fito da ita daga masana'anta, da tamburan da ke jikinta, da shaidar cewa ba a taɓa ta ba. Duka ukun injin giranda yana cinye su cikin ƙiftawa da bismilla, kuma babu gwanin da zai iya mayar da su.

Doka ce a gaba, kafin maganar tsatsa

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita a Najeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. A ciki akwai masu sarrafa kansu, da fistol, da bindigogin soja masu faɗin baki 7.62mm da 9mm da .300 da .303. Wannan na ƙarshe ya shafi Kaduna kai tsaye, garin da tun zamanin Turawa yake matattarar soja, domin bindigar Lee-Enfield da sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama .303 ce. Duk tsufanta, doka ba ta ɗauke ta a matsayin kayan ado ba, kuma hukuncin riƙe ta babu lasisi ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne na farauta, masu baki ɗaya ko baki biyu, da dogayen bindigogin farauta waɗanda ba su shiga waccan ma'auni ba. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku bindigar toka ce da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki, su kuma maganarsu tana ofishin kwamishinan 'yan sandan jiha.

Lasisi ba ya bin gado. Dokar ta ba wanda kayan mamaci ke hannunsa kwana 14 bayan rasuwar mai lasisin, daga nan sai ya nemi nasa ko bindigar ta koma ma'ajiyar makamai ta gwamnati. Gidaje da yawa ba su san wannan ba, sai bindiga ta yi shekara ashirin a bayan durowa da lasisin wanda ya daɗe a kabari. Haka kuma gyaran bindiga ba aikin kowa ba ne a idon doka, sai wanda aka ba izini. Maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna gwanaye ne a sana'arsu, babu musu, amma kai musu bindiga jefa kai ne da jefa su cikin matsala. Dokar ta kuma hana sauya ko shafe sunan kamfani da lambar da aka buga a jikin bindiga ba tare da rubutaccen izinin Sufeto Janar ba. Wato wanda ya goge ƙarfe har lamba ta dushe ya yi asara biyu: ya rage mata kuɗi, ya kuma mayar da ita abin tuhuma a teburin ɗan sanda.

Wani abin da ya kamata magada su sani tun da wuri: farashin da ake gani a intanet da dala ko fam na gidajen gwanjon Amurka da Ingila ne. A nan babu buɗaɗɗiyar kasuwar masu tara bindigogi, fitar da bindiga waje kuma sai da lasisi. In ƙirar gida ce da aka yi kafin 1918, ko an yi amfani da ita a bikin gargajiya, tana iya shiga ƙarƙashin dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979, wadda ta hana sayar da irin waɗannan kaya sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi. Saboda haka darajar da ake magana a kanta a Kaduna galibi ta tarihi ce, da ta ƙimar da za a rubuta ranar rabon gado. Amma ma'aunin ɗaya ne da na can.

Me masu tarawa suke dubawa?

Ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, tana da ma'auni mai hawa bakwai na tsofaffin bindigogi, kuma dillalai da yawa da shi suke magana. Hawa na ɗaya ita ce wadda take kamar ranar da ta bar masana'anta. Na biyu, duk kayanta na asali ne kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na rininta yana nan. Na uku, fiye da kashi 30. Na huɗu shi ne abin lura: rinin yana iya zama ya ƙare ƙaf, ko saura ƙasa da kashi 30, amma kayanta na asali ne, gefunan ƙarfe da kaifinsu, rubutu yana karantuwa sarai. Bindigar da aka sake wa rini ba ta samun gurbi sai a hawa na biyar. In kuwa an yi mata gugar ƙarfi har gefuna suka dakushe, ta faɗa na shida.

Ma'ana, bindigar da ta koɗe tas amma ba a taɓa ta ba tana gaba da wadda ke ƙyalli bayan gyara. Dillalan can suna da ƙiyasin baka da suke yawan faɗa, cewa sake rini yakan ɗauke kusan rabin kuɗin bindigar da ake nema, wani lokaci ma fiye. Ba rubutacciyar ƙa'ida ba ce, kuma asarar tana bin ƙarancin bindigar: mai wuyar samu ta fi jin jiki.

Dalilin ba son tsufa ba ne kawai. Rinin asali shaida ne. Da shi ake gane cewa bututun nan da sakatar nan, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a gindin bututu, tare suka fito, tare suka tsufa, ba haɗe-haɗe aka yi daga bindigogi uku ba. Da zarar an goge an rina komai ya zama launi ɗaya, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da aka ɓoye a ƙasa: walda ce, tsaga ce aka cike, ko lamba ce aka sake bugawa. Sai ya saya da farashin wanda ke zaton mafi muni. Kamar a ɗauki tsohuwar wasiƙar ajami ta kaka ne a bi kan rubutun da biro don ya fito: ta fi karantuwa, amma ba hannunsa ba ne kuma.

Sai lambobi. A Lee-Enfield ana duba ko lambar da ke jikin uwar bindigar, wato ƙarfen tsakiya da ke haɗa bututu da ƙota, ta yi daidai da ta sakata. A Mauser ta Jamus har ƙananan sassa ana buga musu lambobi biyu na ƙarshe. Akwai kuma tamburan gwaji, wato alamar cewa an gwada ƙarfin bututun da harbi. Bindigogin Ingila suna ɗauke da hatimin gidan gwaji na Landan ko na Birmingham (na Birmingham ɗin an kafa shi a 1813). Na Beljiyam, waɗanda suka shigo Afirka ta Yamma da yawa ta hannun 'yan kasuwa, suna da haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, hatimin garin Liège. In akwai kambi a saman da'irar, an gwada ta ne daga 1893 zuwa gaba. A mai baki biyu waɗannan tambura suna ƙarƙashin bututu, sai an cire katakon gaba ake ganinsu. Ba su da zurfi ko kaɗan, su ne samfefa ke fara lashewa.

Abin da ke faruwa da ƙarfe

Baƙin launin nan mai ratsin shuɗi da ake gani a bindiga ba fenti ba ne. Tsatsa ce da aka sarrafa, aka mayar da ita baƙa ta manne da ƙarfe, kuma ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Shi ya sa duk abin da ke cin tsatsa yake cinye ta: ruwan batir, binega, lemon tsami, da magungunan cire tsatsa na kanti. Wanda ya jiƙa bututu a binega dare ɗaya zai wayi gari da ƙarfe fari fat mai toka-toka, rinin shekara ɗari ya bi ruwa.

Hanyar da ta fi tsufa a hankali ake yin ta. A shafa wa ƙarfe ruwan magani, a bar shi ya yi jar tsatsa, a dafa shi a tafasasshen ruwa har jan ya koma baƙi, a kakkaɓe da lallausan burushin waya, a sake, sau da dama har launi ya kama. Sakamakonta baƙi ne mai laushi, ba ya walƙiya. Hanyar zamani kuwa tsoma ƙarfe ake yi a tafasasshen haɗin kostik soda da gishirin naitiret mai zafin kusan digiri 140, ya fito baƙi ƙirin yana sheƙi. Idon da ya saba yana bambance su daga nesa, kuma ganin rinin zamani a bindigar 1900 kaɗai ya isa ya tona asiri. A mai baki biyu abin ya wuce maganar launi. Tsofaffin bututunta da dalma aka liƙe su da siririn ƙarfen da ke tsakaninsu, kuma ruwan kostik yana cin dalma. Bindigar takan fito da kyau, bayan wata biyu a ga farin gishiri yana tsattsafowa daga haɗin, daga baya liƙin ya saki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Akwai kuma rinin kwalba da ake shafawa da auduga. Ba ya jimawa, yakan yi dabbare-dabbare, kuma yana barin wari irin na farar wuta da masana ke shinshinowa.

Amma ba rinin ne ke yin babbar ɓarna ba, gugar da ake yi kafinsa ce. Rini ba ya rufe rami, don haka sai an ci ƙarfen har ƙasan zanzanar tsatsa. A ɗauki bindigar da aka yi wa haka, a riƙe ta a bakin taga yadda haske zai zo ta gefe, a dubi sunan kamfani. Harafin da aka buga a masana'anta gefensa a tsaye yake, har farce yana ɗan kamawa, domin ƙarfen da hatimi ya tura yana ɗan tasowa a kewaye. Wanda aka bi da injin guga kuwa sai ka ga harafin ya baje, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zurfi, kamar an ja shi gefe. A dubi bakin ramin sukuru: maimakon ya zama a shafe, ya lotsa ya yi kwari a kewaye. A miƙa bututun a kalli haske yana bin tsawonsa: na asali layi ɗaya ne miƙaƙƙe, gogagge kuwa hasken yana lanƙwasa yana rawa. In an ga baƙin rini kwance a cikin ramin tsatsa, magana ta ƙare, domin masana'anta ba ta rina ƙarfe mai rami.

Wasu sassan ma ba a rina su tun asali. Sakata da uwar jikin Gewehr 98, bindigar sojan Jamus, fari aka bar su. Uwar jikin bindigogin farauta da yawa kuma launin gauraye take da shi, shuɗi da ruwan ƙasa da toka, wanda ake samu ta gasa ƙarfe cikin gawayin ƙashi a tsoma shi a ruwa. Wannan launi yana dushewa da shekaru, kuma sake shi yana bukatar mayar da ƙarfen wuta, inda zai iya karkacewa. Wanda bai sani ba sai ya tsoma komai a tukunya ɗaya, wasu sassan su fito da ratsin ja mai kama da ruwan kunkumadi, alamar da ba ta ɓuya. Fentin feshi da shafen kurom kuwa ba su bukatar dogon bayani.

Ƙota ta fi saurin lalacewa

Yawancin tsofaffin bindigogin Turai itacen walnot ne ƙotarsu, kuma mai aka shayar da shi, ba banish ba. Na sojan Ingila man linsid aka riƙa shafa musu. A masana'anta akan bar katako ya ɗan ɗara ƙarfe tudu a inda suka haɗu, ko su yi daidai. A bi wurin da farce. In ƙarfe ne ya fi tudu, farce yana tuntuɓe da shi, to an ci katakon da samfefa, kuma abin da aka ci ba ya tsirowa. Samfefa tana kuma kwantar da tsage-tsagen da ake yi wa mariƙi don kada hannu ya zame, tana shafe hatimin mai duba kaya da lambar rundunar da aka buga a gindi, tana mayar da kusurwa ta zama kumbo. Banish mai ƙyalli irin na kujera yana zama a saman itace kamar leda, in ya sha rana ya fara ɓarewa.

A bindigar toka ta maharbanmu akwai wani abu daban. Sau da yawa akan same ta da ɗaurin ɗanyar fata a inda ƙota ta taɓa tsagewa, da ƙusoshin tagulla, da wuri, wani lokaci da laya. Mai gyara yakan ɗauki waɗannan a matsayin datti ya yanke ya zubar. Alhali in aka cire su abin da ya rage bututu ne da katako irin na kowa, domin su ne ke faɗin wane ne mai ita da yadda ya yi aiki da ita. Wasu magadan sukan cire laya saboda dalilin addini, kuma wannan hukuncinsu ne. Abin da ake roƙo kawai a ɗauki hoto kafin a cire, kada kuma a haɗa da fata da ƙusoshin.

Yanke tsawon ƙota, da rage katakon gaba don bindigar soja ta yi kama da ta farauta, da huda uwar jiki don ɗaura madubin hange, duk sun fi sake rini muni. An yi wa dubban Lee-Enfield da Mauser haka bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da suke arha, shi ya sa waɗanda suka tsira suka yi tsada.

Inda masu son gyara suke da gaskiya

Ba kowace tsohuwar bindiga ce ake nema ba, kuma wannan ita ce gaskiyar da ba a son ji. Mai baki ɗaya ƙirar Baikal ta Rasha, ko arha-arhar Beljiyam da aka yi dubbai marar sunan kamfanin kirki, ba ta da wata darajar masu tarawa da za a ce an zubar. Darajarta aikinta ne. In mai lasisi yana fita da ita gona ko daji, sabon rini daga hannun mai izini yana kare ta daga damina, kuma babu asara. Haka wadda aka riga aka goge tun shekarun baya, ko wadda tsatsa ta ci har ta faɗa hawan ƙarshe: ba a zubar da abin da ya riga ya zube.

Gyaran da hukuma ko kamfanin ya yi da kansa shi ma hukuncinsa daban. Lee-Enfield da yawa suna ɗauke da haruffan FTR da shekara, alamar cewa an mayar da su masana'anta an yi musu garambawul. Masu tarawa suna karɓar wannan a matsayin wani babi na tarihin bindigar, ko da yake ba ta kai wadda ba a taɓa ba. Manyan bindigogin farauta na Landan, irin su Purdey da Holland & Holland, su kuma al'adarsu ce a riƙa mayar da su wurin gwani lokaci-lokaci a sake baƙanta bututu. A wajensu abin tsoro shi ne kaurin bangon bututu, domin kowace guga tana rage shi, kuma in ya sauka ƙasa da kusan rabin milimita masu saye sukan ja da baya.

Akwai kuma gwanayen da ke maido da bindiga da irin rinin zamaninta, su sake yanka rubutu da hannu. Aikinsu yana da kasuwa, muddin an bayyana cewa gyara ne. Sai dai kuɗin aikin sau da yawa ya fi abin da zai ƙaru a farashi, kuma irin waɗannan gwanaye ba a bakin titi suke ba. Wanda ya ce shi ba sayarwa zai yi ba, so yake ya ga bindigar Baba ta yi kyau, yana da hujjarsa. Amma ya sani cewa kan 'ya'yansa da jikokinsa ma ya yanke hukuncin, kuma lotsawar da hannun Baban ya yi a ƙota tana cikin abin da za a goge.

Tsayar da lalacewa ba tare da sabuntawa ba

Abin da gidajen tarihi ke yi shi ne su hana ɓarna ci gaba, su bar sauran yadda yake. Mai lasisi zai iya yin yawancin wannan a gida.

Farko a tabbatar babu komai a ciki, baki yana kallon inda babu mutum. Bindigar toka ta fi haɗari a nan, domin maharba kan ajiye ta a ɗure, kuma albarushi yana iya tashi bayan shekara hamsin. A zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi alama a daidai baki, a fito da ita a gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututu ba, akwai ɗuri. Kada a harba don a fitar, kada a kai ta kusa da wuta ko walda. A sanar da masu kula da makamai na 'yan sanda. Kada kuma a gwada tsohuwar mai baki biyu da harsashin yau. Da yawa daga na Ingila an yi su ne don kwanso mai tsawon milimita 65, na kasuwa yanzu galibi 70 ne, kuma bututun da ake ganin zane kamar igiyar ruwa a jikinsa, wanda aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe, don baƙin albarushi aka ƙera shi.

Daga nan hoto, kafin a taɓa komai: gefe biyu, kowane tambari, kowace lamba, a inuwa da rana. Sai a kakkaɓe ƙura da busasshen burushi mai laushi. A shafa farin ƙyalle a ƙarfe. In ya ɗauko ja mai gari-gari, tsatsa ce mai rai, tana ci. In launin ruwan ƙasa ne santsi wanda ba ya bin ƙyalle, wannan tsufa ne da ya zauna, yana ma kare ƙarfen, a bar shi.

Mai rai ɗin a ɗiga mata man bindiga, in babu man keken ɗinki ya wadatar, a bar shi kwana ɗaya ya jiƙa. Sai a murza a hankali da gefen guntun tagulla ko jan ƙarfe, waɗanda sun fi ƙarfen bindiga laushi, suna ɗaga tsatsa ba su karce rini. Ratsin rawaya da suke bari yana fita da mai. Soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, yana yi in an jiƙa shi da mai kuma ba a danna ba, amma a fara gwadawa a wurin da katako ke rufewa. Soson wanke tukunya, toka da yashi, da burushin giranda, babu su a wannan aiki. Baƙin man mota ma haka, datti da guba ne a cikinsa.

Sukuru in ya ƙi, a bar shi. Ramin kan sukurun tsohuwar bindiga siriri ne, sukuddireban kanti kuma bakinsa a fiƙe yake, sai ya zame ya tauna kan. Kan sukuru da aka tauna shi ne abu na farko da mai ƙima ke gani. Katako kuma ƙyalle mai ɗan danshi da ɗigon sabulu marar ƙarfi ya isa, a busar nan take. A ƙarshe a shafa siririn kaki a ƙarfe da katako a goge da ƙyalle. Gidajen tarihi suna amfani da Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya. Amfaninsa shi ne ana iya cire shi duk ranar da aka so.

Damina da hunturun Kaduna

Ƙarfe da katako sun fi son danshin iska na kusan kashi 50. Kaduna ba ta ba da wannan sai na ɗan lokaci. A Agusta danshi yakan kai kashi 80, tsatsa ta kama cikin kwanaki, musamman inda yatsa mai gumi ya taɓa. A Janairu yakan sauka ƙasa da kashi 30, katako ya tsuke, tsaga ta buɗe a wuyan ƙota. Naɗe bindiga a bargo ko buhu, ko barinta cikin kuben fata, yana riƙe danshi a jikin ƙarfe, fata kuma tana sa tagulla ta yi kore. Jingina ta a bangon ƙasa ko ajiye ta a daɓe gayyatar gara ce.

A ajiye ta a akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗage daga ƙasa, nesa da bangon da ruwa ke duka, harsashi a wani wuri daban. A zuba ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa shanya su a rana mai zafi ko a sauya su. Gara a tsayar da ita baki ƙasa. In gindi ne a ƙasa, man da ke cikin bututu yana gangarowa shekara da shekaru ya shige kan ƙota, itacen ya yi baƙi ya yi laushi, har ya fashe a inda yake ɗaukar dukan harbi. A duba ta farkon damina, da tsakiyar Agusta, da shigowar hunturu.

In magada suna da yawa

Kafin a raba gado, bindigar dukiyar magada ce duka, har da mata da ƙananan yara. Babban wa da ya ɗauka ya kai gyara da kyakkyawar niyya yana iya rage rabon marayu bai sani ba, sannan ya zo yana neman a biya shi kuɗin aiki daga cikin gadon. Hanya mafi tsafta ita ce a fara daidaita maganar lasisi, a yi mata ƙima yadda take, a rubuta, wanda ta faɗa rabonsa kuma doka ta ba shi damar riƙewa ya yanke shawara daga baya. Mai ƙimar kada ya zama shi ne mai son saye. Dillalin da ya kalle ta ya ce, “Alhaji, wannan ai ta mutu, kawo in rage maka kaya,” a nemi ra'ayi na biyu.

Takardu sukan fi sabon rini ƙara daraja: tsohon littafin lasisi da hatiman sabuntawa, rasidin kantin da aka saya, takardar sallama daga soja, hoton mamacin riƙe da ita a hawan sallah ko a dawowa daga farauta. Kada a raba su da bindigar, kada kuma a manne su da leda mai zafi. In akwai tsoho a gidan da ya san labarinta, a ɗauki muryarsa a waya: wa ya saya, a ina, a wace shekara, wa ya ɗaure ƙotar da fata. Mai neman ƙarin haske kan sarautar kakansa ko aikinsa a zamanin En'e yana da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa duk a cikin Kaduna. Iyalin da suka ga ba za su iya riƙe ta bisa doka ba, kuma tana da tarihi, suna iya tuntuɓar gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu tare da sanin 'yan sanda, su kai ta da tsatsarta da fatarta da takardunta, ba tare da an wanke komai ba.